Ranar da Kakana Ya Sayar da Alfadararsa a Kasuwar Wudil

Ga waɗanda ba su samu damar sauraron shirin wannan makon ba, ga shi nan a rubuce kamar yadda aka saba. Yau tarihi za mu taɓa. Waɗanda suka saba jin labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe su yi mini haƙuri, yau kam labarin wata dabba ne, da yadda ake sayar da ita a da, da kuma abin da cinikinta yake nuna mana game da halin da ƙauyukanmu suke ciki yanzu.

Makonni kaɗan da suka wuce muna zaune da matasa a Gaya, mun kai mu talatin, ana ta kokawa kan tsadar kuɗin mota da na babur. Sai na jefa tambaya, na ce a cikinku wa ya taɓa ganin alfadari da idonsa? Mutum biyu ne suka ɗaga hannu, ɗayan ma da aka matsa masa sai ya ce a talabijin ne. Amma da na ce wa ya san karin maganar nan, an ce da alfadari wane ne ubanka, ai kafin in rufe baki duk sun amsa: doki ne kawuna! Aka yi ta dariya. Ni kuma abin ya tsaya mini a rai. Karin maganar tana bakin kowa, dabbar da aka yi ta a kanta kuwa ta ɓace daga yankinmu, kuma ba wanda ya lura da ranar da ta ɓace.

Ga wanda bai sani ba, alfadari ɗan jaki ne da goɗiya. Uban jaki, uwar goɗiya, shi ya sa doki ya zama kawunsa. Yana ɗauko girma da ƙarfin dangin uwa, ya ɗauko juriya da taurin kofato na dangin uba. Sai dai ba ya haihuwa. Masana sun ce doki yana da ƙwayoyin gado da ake kira kuromosom guda 64, jaki yana da 62, shi kuwa alfadari sai ya tashi da 63, adadin da ba ya rabuwa gida biyu daidai. Ku riƙe wannan, don shi ne gindin maganar yau. Duk alfadarin da ya taɓa taka ƙasar Hausa, wani mutum ne ya zauna ya yi niyya, ya samu goɗiya, ya nemo jaki mai kyau, ya haɗa su, ya jira wata goma sha ɗaya ko fiye, sannan ya shafe shekaru yana horo. Ranar da mutane suka daina wannan ɗawainiya, ranar ce irin ya fara ƙarewa.

Ni mutumin ƙasar Ajingi ne, ƙauyenmu yana wajen Toranke. Tun ina yaro akwai wani tsohon linzami da ke rataye a zauren kakana, fatar ta bushe ta yi baƙi, ƙarfen ya yi tsatsa. A gidanmu kuwa ba doki. Sai bayan da na gama jami'a na dawo gida nake tsokanarsa, na ce, "Kaka, wai wannan linzamin na wane ingarman ne, ko na mafarki ne?" Ya harare ni ya ce, "Kai ɗan boko, wadda ta sa wannan linzamin ta fi ka hankali." Daga nan ya ba ni labarin alfadararsa. Amma kafin in kai ku can, bari mu koma baya kaɗan, don ku gane daga ina darajarta ta samo asali.

Gaya tsohon gari ne, kowa ya san labarin Abagayawa, maƙeran da aka ce daga Gaya suka tashi suka je gindin Dala neman tama. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne Gaya gari ne na kan hanya, tana gabas da Kano, ta inda ake miƙewa zuwa Borno. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanyoyi daga Borno har Gwanja, wato arewacin Ghana ta yau. To hanya a wancan zamani ba kwalta ba ce. Turba ce ta ƙafa da kofato. Duk kanwar da ta fito daga gabas, duk tufafin Kano da suka tafi yamma, duk goron da ya dawo, a kan ɗan Adam ko a bayan dabba suka yi tafiya.

A 1826 wani Bature ɗan Birtaniya, Hugh Clapperton, ya ci karo da ayarin Hausawa a Kaiama, ƙasar Bargu, wadda yanzu take cikin jihar Kwara. Suna kan hanyar dawowa daga Gwanja da ƙasar Asante. Ya rubuta cewa mutanen sun haura dubu, dabbobin ma haka, kuma ya lissafa abin da ke ɗauke da kayan: takarkarai, alfadarai, jakuna, da kuma mata bayi. Wannan na ƙarshen ɓangare ne na tarihinmu mai ɗaci, kuma bai kamata mu tsallake shi ba. Shekara 25 bayan haka, a 1851, Heinrich Barth ɗan Jamus ya zauna a Kano. Da ya zo ƙiyasta goron da ke shigowa birnin, da kayan jaki ya auna shi: ya ce ya haura kaya 500 a shekara, kowane kaya kuma idan ya iso lafiya yakan yi wuri 200,000. Kun ga ke nan a lokacin jaki shi ne ma'aunin fatauci, kamar yadda yau muke cewa tirela kaza ta shigo Dawanau.

Su waɗannan fatake, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, suna da tsari. Akwai madugu, akwai jagaba da ke gaba, akwai uban dawaki, akwai zango-zango da aka sani a kan hanya har zuwa kasuwar Salaga. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci har shekara. Alhaji Alhassan Dantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, daga cikin wannan fatauci na goro ya fito. A irin wannan tafiya dabbar da ta san hanya ta fi sabuwa nesa ba kusa ba. Wadda ta saba da ƙetare rafi, ba ta firgita da kukan kura da dare, ba ta zubar da kaya, ita ce ake ji da ita. Kuma mutanenmu sun san jakunansu ciki da waje, har suna suka ba su bisa launi: auraki mai ja-ja, duni mai duhu, idabari mai ruwan toka, sai kuma fari. Alfadari yana sama da su duka a wajen kaya da nisan zango, yana kuma ƙasa da doki a wajen ci da lallashi. Mai hali ne yake riƙe shi. Kada ma wani ya ɗauka hawansa ƙasƙanci ne: a sirar Manzon Allah (SAW) akwai alfadararsa Duldul, wadda Muƙauƙis mai mulkin Masar ya aiko masa kyauta.

Sai zamani ya juya. Layin dogo ya iso Kano a 1911, a 1912 cinikin gyaɗa ya ɓarke. Goro ya koma biyo jirgin ruwa zuwa Ikko, daga can ya hau jirgin ƙasa, doguwar hanyar Gwanja ta fara mutuwa. Amma jaki bai rasa aiki ba, sai ma ƙaruwa da ya yi, domin gyaɗar da aka tara dala-dala a Kano ba da ƙafarta ta je ba. Daga gonakin Gaya da Ajingi da sauran ƙauyuka, jakuna da raƙuma ne suka kai ta wajen awo. Bayan haka manyan motoci suka karɓe doguwar hanya, keke ya shigo, daga baya babur. Jaki ya tsira da gajerun hanyoyi, gona zuwa gida, gida zuwa kasuwa. Alfadari kuwa doguwar tafiya ce sana'arsa. Da ta ƙare, mai goɗiya ya zauna ya yi lissafi, ya ga gara ta haifa masa duƙushi ya sayar wa masu hawan Sallah. Ba wanda ya kafa doka, ba annobar da ta faɗo. Haɗawar kawai aka daina.

To yanzu mu koma zauren kakana. Shi ya gaji alfadarar ce daga mahaifinsa, wanda ya sayo ta tana ƙarama. Ya ce ko a lokacin, a duk yankin ba su fi a ƙirga su da yatsun hannu ɗaya ba. Abin da ya sa ta yi suna shi ne tafiyarta. Na ce masa, "Tafiya kuma, Kaka? Ai kowace dabba tana tafiya." Ya ce, "Ka ji irin taku." Ya zayyana mini: akwai tafiya ta hankali, akwai sassarfa, akwai sukuwa. Sassarfa ita ce mai jijjiga mutum, ka yi rabin wuni a kanta ka sauko ƙugunka kamar an daka. Sukuwa kuwa ta ɗan lokaci ce, ba a cin zango da ita. Amma akwai taƙama, inda ƙafar gaba da ta baya na gefe guda suke tafiya kusan tare, dabba tana cin ƙasa amma bayanta a kwance yake. Ya ce yakan ɗora ƙwaryar fura a cinyarsa daga gida har gona, ba ta zuba ba.

Kuma ba da ita aka haife ta ba. Mahaifinsa ne ya koya mata, da igiya yake haɗa ƙafar gaba da ta baya ta kowane gefe, sako-sako, yana jan ta a hankali safe da yamma, wata da watanni, har jikinta ya saba aka cire igiyar. Bayan wannan sai sanin hanya, wanda shi ba a koyar da shi da igiya. Kakana yana fataucin ƙananan kaya tsakanin kasuwannin ƙauye, kuma ya ce sau da yawa yakan yi gyangyaɗi a kanta da dare, ya farka ya gan su a ƙofar gida. Wata damina suka zo ƙetare wata fadama da suka saba bi, ta tsaya cak. Ya yi magana, ya zungure ta, har ya ɗaga bulala, ta ƙi. Da ya sauka ya caka sanda a gabansu, sandar ta nutse har rabi. Ya ce tun daga ranar bai sake kiran ta mai taurin kai ba. Abin da mutane ke cewa gardamar alfadari, sau da yawa lura ce: ba ya jefa ƙafarsa inda bai yarda da shi ba.

Sai fari ya zo. Dattawanmu ba su manta da farin 1973 ba. Gero bai yi ba, harawa babu, dusa ta zama abincin mutane. Kakana yana da iyali, ga rumbu ya yi ƙasa tun kafin bazara. Ya ce dare uku yana juyi a kan tabarma kafin ya yanke shawara. A farkon 1974, wata ranar Alhamis, ya kama ragamarta suka kama hanya. Bai hau ta ba, don ta rame, a ƙafa ya tafi yana jan ta. Suka kwana a Gaya, da asuba suka miƙe Wudil, domin ranar Juma'a kasuwar take ci, kamar yadda take ci har gobe.

Ga wanda bai taɓa shiga kara ba, ga yadda ake yi. Ba kai za ka tsaya kana tallar dabbarka ba. Dillali za ka danƙa wa, shi ya san masu saye, shi zai tsaya a tsakani, idan ciniki ya faɗa a ba shi la'adarsa. Mai saye zai buɗe baki ya duba haƙora don ya san shekaru. Zai shafa baya ya ga ko akwai miki ko tabon akumari. Zai ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya. Zai zagaya ta baya ya ga ko tana harbi. Idan ta hawa ce sai a ɗaura sirdi a zagaya da ita, a ga ko tana tutsu, ko tana tuntuɓe. Sannan a taya. Idan tayin bai yi maka ba ka ce albarka, idan ya yi ka ce na sallama.

Mutum biyu ne suka tsaya a kanta. Na farko mai jakuna ne da yawa, yana ɗiban duwatsu da yashi, shi ƙarfinta ya gani, kuma tayinsa ya fi tsoka. Na biyu wani dattijon malami ne mai yawon ziyara tsakanin garuruwa, ƙugu ya fara ba shi matsala, doki ya fi ƙarfinsa. Aka taimaka masa ya hau, ya je ƙarshen fili ya dawo, bai ce komai ba, sai murmushi. Kakana ya matso ya ce, "Allah gafarta Malam, kafin ka taya bari in gaya maka aibinta. Shekarunta sun kai goma sha huɗu, kada wani ya rage maka. Ba ta son a zo mata ta baya ba a yi magana ba. Ba ta shan ruwan da ya gurɓace, ko za ta wuni da ƙishirwa. In ta tsaya a hanya kada ka doke ta, sauka ka duba." Dillali yana ta ƙifta masa ido, shi kuwa ko a jikinsa. Malamin ya ce, "Ɗana, wannan da ka lissafa ai ba aibi ba ne, tarbiyya ce."

Ya taya, kuɗinsa bai kai na mai duwatsu ba. Kakana ya ce na sallama. Na ce masa, "Kaka, ana yunwa ka bar kuɗi mai yawa?" Ya ce, "Shi wancan da ya saye ta, wata uku ya karya mata baya, aikin ubana na shekaru ya tafi a banza. Kuma abin da Malam ya bayar ya kai kuɗin jakuna uku, ya kai mu kaka." Ya miƙa wa malamin ragama, shi kuma ya naɗe linzamin ya sa a aljihu, da yake malamin yana da nasa. Ya ce har ya fita daga kasuwar bai waiwaya ba. Bai sake ganin ta ba, kuma bai sake mallakar wata ba, don babu inda zai samo.

Abin da nake so mu lura da shi a cinikin nan shi ne me aka saya. Nama da ƙashi kaɗan ne a cikin kuɗin, dabbar ma ramammiya ce. Tafiyarta aka saya, da halinta, da shekarun da aka zuba a kanta. Kuma mai sayarwa ya faɗi aibi da bakinsa. Wannan ma yana da tushe, domin a fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukanmu, wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da ikon mayarwa. Kasuwa ce da ta san cewa dabba mai shekara goma sha huɗu da horo tana iya fin mai shekara huɗu daraja.

Irin wannan kasuwa ba ta mutu a duniya ba. A Amurka, George Washington, wanda ya zama shugabansu na farko, da kansa ya shiga harkar samar da alfadarai, bayan Sarkin Sifen ya aiko masa da wani ƙaton jaki kyauta a 1785. Zuwa shekarun 1920 alfadaran ƙasar sun kusa miliyan 6. Tarakta ta zo ta karɓe musu noma, kamar yadda mota ta karɓe wa namu hanya, amma su sai suka sama masa wani aikin. Suna da irin dawakai masu tafiya mai laushi, kamar na jihar Tenesi da na Mizuri, sai su haɗa goɗiyoyinsu da jakuna, a samu alfadari mai taƙama tun daga haihuwa, a sayar wa masu hawa don yawon daji da tsaunuka. A babban kwazazzabon nan nasu, Grand Canyon, wanda zurfinsa ya haura kilomita ɗaya da rabi, tun ƙarshen ƙarni na 19 alfadarai ne suke sauka da baƙi ta siraran hanyoyi a gefen dutse. Kuma idan za su sayar, abin da kakana ya lissafa shi suke lissafawa: shekarunsa nawa, yaya tafiyarsa, yana ƙetare ruwa, yana tsayawa a hau shi, me yake tsoro. A nan Afirka ma, a tsaunukan Habasha, har yau alfadari abin hawa ne na mutunci.

Mu kuma fa? Mu yanzu maganar alfadari ta wuce, uban nasa muke ƙoƙarin rasawa. A ƙasar Sin ana dafa fatar jaki a fitar da wani abu mai danƙo da suke kira ejiao, ana sa shi a magungunan gargajiya da kayan gyaran jiki. Jakunan ƙasar sun faɗo daga wajen miliyan 11 a farkon shekarun 1990 zuwa ƙasa da miliyan 2 a 'yan shekarun nan, sai masu harkar suka juyo Afirka. Ƙungiyar Donkey Sanctuary ta Birtaniya ta ƙiyasta a 2024 cewa ana yanka jakuna aƙalla miliyan 5.9 duk shekara saboda fata. Ku kwatanta da namu: ƙidayar dabbobi ta ƙasa da aka yi a 1990 ta samu jakunan Nijeriya gaba ɗaya ba su kai miliyan ɗaya ba. Daga kasuwanni irin Maigatari a Jigawa ake loda su a manyan motoci zuwa kudu, inda ake yanka su a wurare irin Ezzamgbo a jihar Ebonyi.

Maƙwabtanmu sun riga mu farkawa. A 2016 Nijar ta hana fitar da jakuna, bayan hukumomi sun ga an fitar da wajen 80,000 a shekarar, alhali a shekarar da ta gabace ta 27,000 ne. Burkina Faso ma ta hana a wannan shekarar. A nan gida, ɗan majalisar wakilai Garba Datti Muhammad ya gabatar da ƙudurin hana yanka jakuna da fitar da fatarsu a 2018. A watan Fabrairun 2024 kuma shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a Addis Ababa da dakatar da yanka jakuna don fata a duk nahiyar. Takarda dai an rubuta. Amma jaka wata goma sha biyu take ɗaukar ciki, ɗa ɗaya take haifa, shi kuma sai ya yi wajen shekara uku kafin ya fara aiki sosai. Wuƙa kuwa minti nawa take ɗauka?

Kuma mai sayen fata ba ruwansa da haƙori, ba ruwansa da tafiya. Jakin da ya san hanyar gona da wanda bai taɓa ɗaukar mangala ba, duk ɗaya ne a wurinsa. Jaka mai ciki ma ɗaya ce. Wannan shi ne bambancin kasuwar da kakana ya shiga da wadda muke ciki.

Wani zai ce, to ai ci gaba ne, wa yake bukatar jaki a zamanin babur? Ni ma da haka nake gani. Sai ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, litar da take ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Ku je ku tambayi manomin da zai kai taki gona, ko mai ɗiban ƙasar gini, ko wanda zai fitar da buhu biyu daga ƙauyen da hanyarsa take yankewa da damina. A ƙauyenmu na ga magidanci ya sayar da jakinsa lokacin da kuɗin ya yi daɗi, ya ƙara ya sayi tsohon babur, yau babur ɗin yana jingine babu mai, jakin kuma ya fi ƙarfin aljihunsa. Yaransa ne suke ɗaukar kayan a ka.

Saboda haka ga roƙona, kuma ba mai tsada ba ne. Na farko gare mu matasa: duk wanda yake da dattijo a gida da ya yi fatauci ko ya riƙe dabbar hawa, ya zauna da shi, ya kunna wayarsa ya naɗi muryarsa. Yadda ake horo, yadda ake ɗinka akumari da mangala, yadda ake maganin miki, sunayen tafiya. Wannan ilimi a ka yake, ba a littafi ba. Na biyu ga masu jakuna da dillalai: jaka mai ciki da mai shayarwa kada su hau motar kudu, ko nawa aka taya. Na uku ga masarautar Gaya, wadda a tsarin 2024 ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu, da shugabannin ƙananan hukumominmu da sarakunan kasuwa: a san adadin jakunan da ke fita duk mako, a kuma san inda suke zuwa. Na huɗu ga malaman aikin gona na jami'ar Wudil da cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya: ga goɗiyoyi nan a hannun masu hawan Sallah da 'yan kilisa, ga sauran jakuna masu kyau. Matasan da ke biyan kuɗi su hau doki ranar hutu ko ranar biki sun nuna cewa kasuwar hawa tana nan da ranta. A gwada haɗawa, ko guda goma ne, a ga abin da zai faru.

Da na gama tsara shirin nan na koma na karanta wa kakana. Ya saurara har ƙarshe, ya gyara mini wuri biyu, sannan ya miƙa hannu ya sauko da linzamin ya ba ni. Ya ce, "Tunda ka iya surutu a kanta, riƙe. In Allah ya sa kun samu wata, a sa wa fatar man shanu ta yi laushi, ƙarfen kuma a kai wa maƙeri." Yana nan a ɗakina yanzu, na riga na shafa masa man.

Nan za mu dakata a wannan makon. Wanda ya san inda ake da alfadari a ƙasar Kano ko Jigawa, don Allah ya sanar da ni, ina so in kai tsohon nan ya gani. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya jiƙan magabatanmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.